Alƙalin da aka hana kallon bidiyo

A gasar FIRST ta Amurka, wadda aka fara a 1992 a garin Manchester na jihar New Hampshire, 'yan sakandare ne ke ƙera mutum-mutumi su fafata da juna. Na'urori uku a ɓangaren ja, uku a shuɗi, wasa ɗaya kimanin minti biyu da rabi. Ko'ina ka duba a zauren, kyamara ce. Iyaye na ɗauka da waya, ana haska wasan kai tsaye a intanet, su kansu na'urorin da kyamara suke gane inda suke a fili. Mutum ɗaya ne doka ta daɗe da hana shi kallon hoton, shi ne babban alƙalin wasa. Littafin dokoki ya ce ba zai duba bidiyo ba, ko daga hannun wa ya fito. Gasar mutum-mutumi ta VEX ma haka ta tsara.

Abin da aka ba yaran a madadinsa ɗan fili ne a gefe, an zagaye shi da tef a ƙasa, ana ce masa akwatin tambaya. Wanda bai yarda da hukunci ba sai ya shiga ya tsaya har alƙali ya zo. Ɗalibi ne ke magana, ba malaminsa ba. Yarinya 'yar shekara goma sha shida, tabarau na kariya a ido, hannu duk baƙin mai, tana karanto wa dattijo lambar dokar da take ganin an karya.

Masu neman a kawo bidiyo suna da hujja, malam. Yaran nan tun Janairu suke kwana a kan ƙarfe da waya. Alƙalan kuwa 'yan sa-kai ne, ba albashi, ido biyu kowannensu, na'urori shida na gudu lokaci guda. Idan wata ta maƙure wata a jikin bango, da hannu alƙali ke ƙirga daƙiƙu. Ya kuskure ɗaya, wahalar wata uku ta bi ruwa.

Sai dai bidiyon bai ruɗe ni ba. Duk mai shiga gidan kallon ƙwallo ya san tun da aka kawo tsarin duba bidiyo na VAR gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018, gardama ba ta mutu ba, wurin zama ta canja. Hoto zai nuna maka ko ƙwallo ta shiga, ko taya ta haura layi. Ba zai gaya maka ko da gangan direba ya kifar da na'urar abokin karawa ba, kuma a nan ne rigima ta fi zafi, a nan ake ɗaga kati. Ga kuma lokaci. Ana buga wasa gommai a yini, kowace dubawa na cin mintoci, ga motar makaranta na jira a waje.

Da za a tambaye ni, sai in ce a bar bidiyo ga abin da ake ƙirgawa kaɗai, a zagayen sili ɗaya ƙwale, kowane ɓangare dama ɗaya. Kada wani uba ya sauko daga kan benci yana miƙa waya. Ɗalibar nan ce za ta shiga akwatin, ta faɗi dokar, ta faɗi daƙiƙar da take so a duba.