Kwana Bakwai Da Sarƙar Babur A Hunturun Sakkwato

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau sarƙar babur ɗina ta zame ina tsakiyar tafiya. Na tashi daga makaranta, na yi azahar, na fito kabu-kabu kamar yadda na saba tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, albashin malanta ya daina kai mu ƙarshen wata. Wata dattijuwa na ɗauko daga Mabera za ta Tsohuwar Kasuwa. Muna gab da shataletale na ji ƙarar ƙarfe, injin ya yi ihu, taya ta daina ja. Allah ya tsare, babu mota a bayanmu.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, bari in tsayar miki da wani."

Ta ce, "Ba komi ɗana, Allah shi kiyaye gaba." Ta miƙo mini kuɗin rabin hanya, na ƙi karɓa.

Na mayar da sarƙar da hannu, na lallaɓa gida a giya ta ɗaya. Ya kai mako uku ina jin wata ƙara daga ƙasa, kamar ana kankare tukunya, ina cewa gobe zan duba. Da a ce ta sarƙe tayar baya, da labarin daren nan daban ne. Gobe da sassafe sai garejin Kawu.

Talata, 7 ga Janairu

Hazo ya rufe gari, ba ka hango ƙarshen layi. Na iske Kawu da yaransa suna jin wuta. Bayan mun gaisa ya kafe babur a kan jak, ya lakato abin da ke jikin sarƙar da ɗan yatsa, ya murza.

"Mi kaka zuba ma sarƙag ga?"

Na ce, "Baƙin man da aka juye daga inji, Kawu. Kullum da safe nake zubawa."

Ya kama hannuna ya goga mini shi a tafi. Ƙaiƙayi na ji kamar tsakin gero. Ya ce, "Wanga dutsin niƙa na, ɗana. Kai da hannunka kaka niƙe ta."

Bayaninsa ya zauna mini. Man da ya gama aiki a inji ya riga ya tsinke, ga garin ƙarfe a cikinsa. Idan aka malala shi a kan sarƙa, ƙura ta samu wurin kwana. Yashi kuwa ya fi ƙarfen sarƙa tauri, saboda haka duk juyin da taya ta yi, wannan kwaɓin yana cin ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta. Muna cewa sarƙa ta buɗe ko ta yi tsawo, alhali ƙusoshin ne suka sirance, kowace gaɓa ta samu ɗan sarari, sararin ya taru. Ya ja ta daga bayan babban faifan haƙora, wanda makanikai ke kira sifoket, sai ga fiye da rabin haƙori a waje. Haƙoran kansu sun lanƙwashe kamar ƙugiya.

Sai ya nuna mini abin da ban taɓa sanin yana jikin babur ba. A kan ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, daidai inda sarƙa ke wucewa kusa da inji, akwai wata 'yar roba mai tauri. Aikinta ta hana sarƙa goga ƙarfe. Tawa ta cinye har ta rabe biyu, sarƙar ta fara sassaƙa ƙarfen, ta yi masa kwari mai sheƙi. Ƙarar da nake ji ke nan. Murfin sarƙa kuma, wanda na cire bara don yana kwaramniya, ya ce in nemo shi duk inda yake.

Laraba, 8 ga Janairu

Na ciro murfin daga bayan buhunan gawayi, uwargida ta wanke mini shi. Bayan an tashi makaranta na shiga shagunan kayan babur. Na so in sayi sarƙa kaɗai don kuɗin ya yi sauƙi, na buga wa Kawu waya, ya ce kul. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa, domin haƙoran sun riga sun ɗauki siffar tsohuwar, za su ja sabuwar zuwa ga lalacewarsu. Sai na sayi ukun tare: sarƙa mai lamba 428, ƙaramin sifoket na gaba da babba na baya. Lambar tana nufin tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne, wato rabin inci, kuma ita ce ke kan yawancin baburan da muke kabu-kabu da su.

An nuna mini kala biyu. Mai arhar ba ta da nauyi a hannu, na tuna araha ba ta ado, na ɗauki ɗayar. Na haɗa da gwangwanin giris, da man giya mai lamba 90, da kwalbar kananzir. Robar kuwa sai a shago na huɗu na same ta. Mai shagon ya ce ba a cika tambayarta ba. Ita ce mafi arha a cikin duk abin da na saya, kuma ita ce ke tsare ƙarfen da ya fi su duka tsada.

Kuɗin ya tashi da abin da nake tarawa na kwanaki. Da dare uwargida ta ce, "Malam, in dai za ka dawo gida lafiya, ba asara ba ce."

Alhamis, 9 ga Janairu

Tun daga la'asar har magariba muna gareji. Kawu ya ce tun da an kwance baya, a bi gangar jikin babur gaba ɗaya, domin mu masu babur inji kaɗai muka sani da mai. Ya zare doguwar ƙusar da ƙarfen tayar baya ke lilo a kanta. Ta fito a bushe, ja wur da tsatsa da ƙura. Yaronsa ya wanke ta da kananzir, ya goge da tsumma, sannan aka shafa giris. Haka aka yi wa boris na tayoyi, da boris na wuyan babur, da inda sandar birki ke juyawa, da gindin jak. Wayar kuloci da ta birkin gaba an ɗiga musu mai daga sama har ya ɓullo ƙasa. Da aka zo cikin birki, ɗan mitsitsin giris ya taɓa wa ƙarfen da ke buɗe takalman, ya goge sauran tas. Ya ce giris a fuskar birki kisan kai ne.

Ƙarfen da sarƙa ta sassaƙa ya duba shi da fitila, ya ce kwarin bai yi zurfin da zai karye ba, amma da na ƙara wata guda sai mai walda. Aka ɗaura sabuwar roba.

Wurin ɗaure sarƙa na fi koyon darasi. Ni a ganina sarƙa mai kyau ita ce mai tauri kamar tsirkiya. Ya ce in hau, ya sa yaro ya hau bayana, ya ce in taɓa ta. Ta ƙara tsaurewa. Duk lokacin da nauyi ya danne babur ko ya faɗa rami, sarƙa tana miƙewa. In babu rara, sai ta ja boris na inji da na taya, ta cinye kanta. In rarar ta yi yawa kuma, sai ta riƙa dukan robar, ta zame kamar yadda tawa ta yi. Ya bar mata wasan da bai wuce faɗin yatsa biyu ba a tsakiya, wajen milimita 25 zuwa 30, ya juya taya yana gwadawa wuri-wuri, ya daidaita alamomin hagu da dama don kada taya ta karkace. 'Yar makullin sarƙa kuma, rufaffen kanta ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya.

Mai kuwa ɗigo-ɗigo ya bi da shi ta cikin sarƙa, yana juya taya da hannu, inji a kashe. Ya ɗaga mini murya a nan: "Kak ka kuskura ka yi wanga aiki inji na tashe. Na ga yatsun da sunka tafi haka." Ya goge abin da ya yi saura a waje, aka mayar da murfi.

Juma'a, 10 ga Janairu

Na yi Juma'a a Masallacin Sarkin Musulmi Bello. Da aka sallame na tsaya cikin jerin babura ina kallon abin da ban taɓa kula da shi ba. Da yawa babu murfi. Wasu sarƙoƙin sun yi baƙi ƙirin da laka, wasu sun bushe sun yi ja. Kowannensu yana ɗaukar ran mutum biyu, wani lokaci uku.

Babur ya yi shiru, giya tana shiga ba gardama, kan ya yi laushi a kwana. Na kai ɗalibai biyu jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta gadar Kwalkwalawa, na dawo na yi hanyar Kalambaina a bayan tirelolin siminti, ƙura tana tashi har ba ka ganin lambarsu. Da na iso gida na buɗe ƙaramin ramin dubawa na murfin. Sarƙa tana nan da ɗan danshinta, ba yashi.

Asabar, 11 ga Janairu

Ba makaranta, na wuni a hanya. Da dare wani ƙanena da ke karatun injiniya ya zo, na ba shi labari, sai ya nuna mini a wayarsa babur ɗin ƙanƙara da ake hawa a Kanada. Wani mutumin Kubek, Joseph-Armand Bombardier, shi ya fito da samfurin Ski-Doo a 1959. Babur ɗin ƙanƙara ba shi da tayar baya. Faffaɗan bel na roba ne ke zagayawa, yana zamewa a ƙarƙashin wasu dogayen sanduna da aka lulluɓe da roba mai santsi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne garin ƙanƙarar da ke tashi shi ne man wannan roba, shi ke sanyaya ta. In masu hawansa suka bi daskararriyar hanya inda babu gari, sai ta yi zafi ta narke, har sukan ɗaura wasu ƙarafa masu kankaro ƙanƙara su watsa mata. Su ma suna bin gaɓoɓi da giris, suna duba tsaurin bel, suna canza robar kafin ta kai ga ƙarfe.

Su garin da ke tashi a hanyarsu yana raya musu roba. Namu garin, wanda iskar hunturu ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta haɗa da yashin unguwanninmu, cinye ta yake yi. Saboda haka abin da ya dace da ƙasarmu shi ne rufewa, da tsabta, da mai kaɗan.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na samo ƙaramin littafi na rubuta lambar kilomita ta ranar Alhamis. Littattafan babura da yawa suna cewa a duba sarƙa a sa mata mai duk kilomita 500, a wurin ƙura kuma a gaggauta. A yadda nake yawo, kowace Lahadi ke nan. Na tsara wa kaina: in dawo daga aiki tana da ɗumi, in wanke ta da kananzir da tsohon buroshi idan ta yi datti, in bar ta ta tsane, in ɗiga man giya, in goge, in gwada wasanta, in leƙa robar. Giris na gangar jiki kuma sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. Baƙin man inji na mayar wa masu saye.

Da yamma na kai wa Kawu goro. Ya ce in faɗa wa abokan sana'ata, domin shi ya gaji da ganin aikin da kwalba ɗaya ta mai za ta hana.

To, ga shi na faɗa. 'Yan uwana masu kabu-kabu, daga Runjin Sambo har Arkilla, ku mayar da murfin sarƙa, ku daina malala mata ƙonannen mai, ku durƙusa ku dubi wannan 'yar roba tun ba ta rabe ba. Wanda ya hau bayanka amana ya ba ka, kuma sarƙar nan tana cikin amanar.