Sama Ta Yi Wa Yaro Nisa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Gwari a 'yan shekarun da suka wuce ya san abubuwa biyu da kunne tun kafin ya gan su da ido, watau rugugin babura da rugugin jirgin sama. In na farko ya taso daga wajen daji, sai kowa ya nemi mafaka. In na biyu ne ya keto sama, sai yara su fito fili suna ɗaga hannu, manya kuwa su yi shiru suna sauraron inda zai nufa. Ni ina cikin masu ɗaga hannun, kuma tun daga wancan lokaci na ƙudurta a raina cewa in Allah ya yarda sai na zama matuƙin jirgin yaƙi. Abin da ya sami wannan buri nawa shi nake so in bayyana wa mai karatu, ko wani ya ƙaru da shi.

Ƙauyenmu yana gefen dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a shekarar 1999, kuma wanda ya haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Mahaifina manomi ne, masara da dawa yake nomawa. Ina ajin ƙarshe na sakandare aka kai harin Gwaska a watan Mayu na 2018, inda mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu. Bayan wannan ne muka kwashe ya-namu-ya-namu muka dawo cikin gari, muka bar gona da rumbuna. A shekarar 2019 aka kafa wani sansani na mayaƙan sama a Birnin Gwari, sai muka riƙa ganin jirage masu saukar ungulu kusa da kusa. Ba abin da nake gani a jirgin nan sai fansa. Tunanina a lokacin shi ne, wanda ya kore mu daga gonarmu bisa babur, ni zan zo masa ta inda babur ba ya zuwa.

Sai na shiga tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Na ji cewa an kafa rundunar mayaƙan saman Nijeriya a 1964, kuma Jamusawa ne suka fara horar da ita. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe makarantar horon hafsoshin soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA. Nan ce babbar ƙofar da matuƙa suke bi. Yaro yakan shiga bayan ya gama sakandare, ya yi karatun digiri haɗe da horon soja, sa'an nan in an zaɓe shi a tura shi makarantar koyon tuƙi da ke sansanin mayaƙan sama na Kaduna, inda ake farawa da ƙananan jirage masu farfela irin su Super Mushshak da aka sayo daga Pakistan. Wanda ya haye wannan sai ya wuce Kano ya koyi jirgin L-39, ko kuwa Inugu in mai saukar ungulu zai tuƙa. A kowane mataki ana tankaɗe da rairaya, ana duba ido da kunne da zuciya, ga kuma lissafi. Ta wannan ƙofa ce marigayiya Tolulope Arotile ta bi, wadda ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan a 2019, ta rasu a Kaduna a 2020.

Na zauna jarrabawar shiga sau ɗaya, ban ci ba. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, lissafi ne ya kayar da ni. Na yi niyyar sake gwadawa, sai aka tare motar da kawuna yake ciki a hanyar Kaduna, aka shige da su daji. Kuɗin da aka tara domin karatuna, da shanun noma biyu da suka rage mana, duk suka tafi wajen fansarsa. Shekara biyu na yi ina taya wani ɗan'uwanmu awon hatsi a kasuwa. Kafin mu farfaɗo, shekaruna sun haura iyakar da aka yanka wa masu shiga, domin a lokacin makarantar ba ta ɗaukar wanda ya wuce shekara 21. Haka na sami kaina a jami'a ina nazarin Hausa, na girmi yawancin 'yan ajinmu.

Duk da haka ban fid da rai ba, don na ji akwai wata ƙofa ta masu digiri. Wanda ya gama jami'a ya yi hidimar ƙasa yana iya neman shiga rundunar kai tsaye, a ba shi horo na 'yan watanni a Kaduna, ya fito hafsa. A Amurka ma akwai irin wannan makaranta a sansanin Maxwell da ke Jihar Alabama, kuma a can mai digiri kan bi ta nan har ya kai ga tuƙi. Amma da na bincika sosai sai na tarar a nan gida masu sana'a aka fi nema ta wannan ƙofa, kamar likitoci da injiniyoyi da malaman makaranta da ma'aikatan watsa labarai. Aikinsu a ƙasa yake. Abin dariyar kuma, sunayen muƙaman rundunar da Ingilishi da dama akwai tashi ko fiffike a cikinsu, ko da mai muƙamin akanta ne da bai taɓa zama a kujerar matuƙi ba. Ranar da na gane haka ban iya cin tuwon dare ba.

Da na je gida hutu sai na kai wa mahaifina kuka. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "To, ɗan nan, in ka hau can sama ka hango mutum uku bisa babur sun fito daga daji, da me za ka gane ko ɓarayi ne, ko kuwa 'ya'yan maƙwabcinmu ne suka dawo daga saran itace?" Na ce, "Baba, ai akwai na'urori." Ya ce, "Na'urar ta san sunan ubansu?" Na yi shiru, a raina ina cewa tsoho ne kawai bai san zamani ba.

Ba a jima ba maganarsa ta dawo mini. Ranar 3 ga watan Disamba na 2023, wani jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bom bisa kuskure a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, mutane fiye da 80 suka mutu. Daga sama taron jama'a kawai aka gani, alhali kuwa duk wanda ke ƙasa ya san abin da ya tara su. Sai kuma na tuna da Abayomi Dairo, matuƙin da 'yan bindiga suka harbo jirginsa ƙirar Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna ranar 18 ga Yuli, 2021. Ya diro da laima, ya ɓuya har rana ta faɗi, ya bi duhu da ƙafa sai da ya kai wani sansanin soja. Da ya taka ƙasa, abin da ya buƙata shi ne sanin hanya da sanin inda mutanen kirki suke. Ba don in rage darajar matuƙa na kawo wannan ba, domin mutanenmu da yawa suna raye yau saboda jirgi ya iso a kan lokaci. Abin nufi shi ne, idon sama ba ya wadatarwa sai da kunnen ƙasa.

A nan ne karatun da nake rainawa ya fara yi mini amfani. Malaminmu na ilmin ma'ana ya taɓa nuna mana cewa kalmar jirgi ta ruwa ce tun asali, haka ma tuƙi. Da dogo ya zo sai Bahaushe ya ce jirgin ƙasa, da kuma jiragen yaƙin Ingila uku suka sauka Kano a 1925 sai ya ce jirgin sama. Bai tsorata da baƙon abu ba, ya raɗa masa suna da abin da ya sani. Ni ma abin da na sani shi zan kai. Na san sunayen ƙauyuka tun daga Kuyello har Randagi da Dogon Dawa, na san ranakun kasuwanninsu, na san yadda mutumin karkara yake kewaye magana in yana jin tsoron faɗinta. Rundunar da ke aiki a kan ƙasar Hausa tana buƙatar wanda zai ji wannan, ya kuma yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji.

Saboda haka na yanke shawara, in na gama na yi hidimar ƙasa, zan nemi shiga ta ƙofar masu digiri, ko a sashen ilmi ko na watsa labarai. Mai yiwuwa a ɗauke ni, mai yiwuwa a ƙi. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu a Birnin Gwari har aka sake buɗe kasuwar shanu, kuma fatana Allah ya kawo ranar da ba za a buƙaci jirgi a kan dajinmu ba sam. Ƙanena yana da shekara 16, kansa na ja a lissafi, kuma shi ma jirgin yake so. Duk hutu nakan zaunar da shi mu yi bitar tsofaffin takardun jarrabawa, in mun gama in sa shi ya lissafo mini ƙauyukan da ke tsakanin garinmu da Buruku, ɗaya bayan ɗaya, da abin da mutanen kowanne suke nomawa. Ranar farko da Baba ya ji mu, murmushi kawai ya yi, ya ci gaba da jan carbinsa.