Makarantar Kogin Haɗejiya

Daga Wudil kogin Haɗejiya ke gangarowa, ya bi ta Ringim da arewacin Jahun, har fadamun Baturiya, masaukin tsuntsayen Turai lokacin hunturu. A nan ba iska ke tura jirgi ba. Gora ce da ƙarfin dantse, ana kutsawa cikin kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsar Tiga a 1974.

Duk da haka, 'yan sikawut ɗinmu a filin fareti kawai muke ganinsu, alhali ambaliyar 2022 ta nuna mana tsadar rashin iya ruwa. Me zai hana a damƙa su hannun masunta, kwana uku cikin kwalekwale, sanye da rigunan kariya, su koyi iyo, tuƙi da sanin halin kogi? Da tsohuwar zuma ake magani.