Ranar da maɓallin F1 ya ba ni kunya a gaban aji

Lissafi nake koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Dakoro, amma da yake na ɗan taɓa kwamfuta a lokacin da nake karatu a Yamai, sai darakta ya damƙa mini mabuɗin ɗakin da aka jera tsofaffin na'urori goma da wata ƙungiya ta ba mu kyauta. Wani tsohon ɗalibina da ke gyaran kwamfuta a Maraɗi ne ya zo ya zuba musu Ubuntu, tare da LibreOffice na rubutu da lissafi da GIMP na gyaran hoto. Ko dala ba mu biya ba, domin manhajoji ne da kowa ke da ƴancin kwafa da rabawa. Har yau ina yi masa addu'a.

Wata ranar Laraba muna koyon fitar da matsakaicin maki a Calc, sai wata yarinya mai kaifin kai ta ɗaga hannu. Ta ce: "Mushe, MOYENNE yana haɗa makin duka daidai wa daida, alhali lissafi ya fi zane nauyi a takardar sakamako. Ya za a gaya masa?" Tambayar ta yi kyau, ni kuma na manta sunan dabarar. Sai na yi abin da malami kan yi, na mayar da mantuwata darasi. Na ce kowa ya danna F1, domin a nan littafin jagorar manhaja yake, kuma wanda ya iya bincika shi ba ya buƙatar malami a kullum.

Suka danna. Na'ura goma suka ba da amsa ɗaya: ba a saka littafin taimakon ba, amma ana iya karanta shi a intanet. A ɗakin nan kuwa ko kiran waya sai mutum ya fita tsakar makaranta yake samun rezo. Yara suka yi dariya, na taya su, amma raina bai so ba.

Da dare na kira yaron nan na Maraɗi, na ce ya kawo mana mota ba taya. Ya ce: "A gafarce ni Mushe, ba mantuwa na yi ba, haka abin yake zuwa." Bayanin da ya yi mini shi ne dalilin wannan rubutu.

Masu haɗa Debian, wadda Ian Murdock ya fara a 1993 kuma daga cikinta Ubuntu ta fito a 2004, suna rarraba kowace babbar manhaja ƙunshi-ƙunshi. Ita manhajar da kanta ƙunshinta daban. Fassarar maɓallanta zuwa Faransanci ƙunshi ne daban. Littafin jagorar ma haka, kuma kowane harshe da nasa: na LibreOffice a Faransanci ana kiransa libreoffice-help-fr, na GIMP kuma gimp-help-fr. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Littattafan suna da nauyi, na GIMP ma cike yake da hotuna, kuma idan aka cusa na duk harsuna a wuri ɗaya, mai Faransanci zai sauke na Japananci da Rashanci da ba zai taɓa buɗewa ba. A da can faifai ɗaya mai megabait 700 ne ake son ya ɗauki komai, har ta kai a 2010 aka cire GIMP ɗin kansa daga faifan Ubuntu, ƙarancin wuri na cikin dalilai. Tsarin ya ɗauka cewa yayin da ake girka na'ura tana haɗe da intanet, sai ta jawo abin da ya rage da kanta. Namu an girka su ne a ɗakin da ba rezo, shi ya sa suka tsaya rabi da rabi.

Ban ga laifin mutanen nan ba, yawancinsu aikin sa kai suke yi. Amma wanda ya yanke cewa littafin jagora ƙari ne da za a iya ɗauko shi daga baya, bai taɓa zama a garin da "daga baya" ke nufin shiga mota a bi ta Kornaka zuwa Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 100 ba. Kuma wanda ya fi buƙatar littafin shi ne wanda ba shi da intanet, domin mai intanet ko ba littafi zai sami bidiyo ya kalla.

Na yi tafiyar sau biyu. Karo na farko na sauke ƙunshin Faransancin a kile, na dawo da murna, na'ura ta ƙi karɓa. Ashe yana da ɗan'uwa, libreoffice-help-common, wanda ba ya aiki sai da shi, kuma dole lambar fitowarsu ta dace da ta LibreOffice ɗin da ke cikin na'urar. Ni na baya-bayan nan na ɗauko, namu kuwa tsoho ne. Karo na biyu sai na ɗora kwamfuta guda a cinya har Maraɗi, muka haɗa ta da intanet, ta jawo abin da take so da kanta, muka kwafe ƙunshe-ƙunshen muka raba wa sauran taran. A nan ne muka gano cewa GCompris, wasannin koyo na yara da Bruno Coudoin ya fara a Faransa a 2000, shi ma muryoyinsa daban ake sauke su. Wata shida ƙananan yaran da ke zuwa ranar Asabar suna wasan haruffa da na'urar da ya kamata ta furta musu harafin, tana shiru, mu kuma muna zaton lasifika ce ta lalace.

Mun kuma saka Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, ta Faransanci da ta Hausa. Ta Hausar ce yara suka fi rububi. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ni kuma duk lokacin da na ga ɗan aji shida yana haɗa gumi da Faransancin littafin jagora, sai in tuna cewa fassara shafi ashirin da suka fi amfani bai fi ƙarfin malamai biyar a hutun damina ba. Lasisin ya yarda. Na fara da shafi uku, kuma ina ta kokawa da yadda zan kira ɗan akwatin nan da layi da ginshiƙi suke haɗuwa.

Malamai da iyayen da ke cikin kwamitin makaranta, idan an kawo muku na'urori, kada ku sa hannu a takardar karɓa sai an kashe intanet, an buɗe kowace manhaja, an danna F1 a gabanku. In littafin ya buɗe da harshen da yaranku ke karatu da shi, to. In bai buɗe ba, mai girkawar yana nan tsaye, gyaran minti goma ne a wurinsa. Ku kuma nemi ya bar muku kwafin ƙunshe-ƙunshen a kile, a ajiye a ofishin darakta, domin mu malamai ana yi mana canjin wurin aiki, kuma na san ɗakunan kwamfuta da aka rufe ranar da mai mabuɗin ya tafi.

Yarinyar kuwa ita ta gano amsarta da kanta, mako uku bayan tambayar. SOMMEPROD ne, a raba da jimillar nauyin darussa. Da ita muka fitar da sakamakon ajinsu na wannan zangon.