Garwa da Tashoshin Ruwan da Take Dogaro da Su

Tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Garwa tana nan a bakin Binuwai, kusa da gada, sai dai manyan jirage sun daɗe da daina zuwa. Da na sauka wurin, kwale-kwale masu inji na tarar, 'yan dako suna ta loda buhuna a kai, za a gangara wajen Yola. A zamanin Turawa, in ruwa ya cika daga Agusta zuwa Oktoba, jirage kan taso daga Burutu, su bi ta Lokoja, su kawo gishiri da siminti, su koma da auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 ya katse hanyar. Jirgin ƙasa ya iso Gaundare a 1974, ya kwashe kayan, sannan madatsar Lagdo ta 1982 ta rage cikar kogin.

Yanzu audugar kamfanin Sodecoton kudu take yi: tirela ta hau tsaunin Gaundare da ita, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita Duwala. Ita kuwa Duwala a bakin kogin Wuri take, ba a kan teku sosai ba. Sai an yi ta yasar mashigarta, kuma duk da haka manyan jirage ba sa iya shiga. Ga cunkoso, domin kayan Cadi da na Afirka ta Tsakiya duk ta nan suke bi. Shi ya sa aka gina tashar Kiribi, wadda ta fara aiki a 2018, zurfinta ya kai ninki biyu na Duwala.

A takarda Kiribi ta yi zarra. Amma ɗan kasuwar Garwa ba ruwansa da zurfi, lissafinsa kwana nawa kwantena za ta yi kafin ta iso ƙofar shagonsa, nawa kuma duwan da shingayen hanya za su ci. A nan Duwala take riƙe da mutanenta duk da ƙorafin da suke yi, saboda tana da layin dogo, Kiribi kuwa babu, sai mota.

Abin da ke da sauri, ga alama, shi ne wanda bai bi ta kowace tasha ba: fetur ɗin Najeriya da ake kira zuwa-zuwa, wanda na ga ana sayarwa cikin kwalabe a gefen titunan garin.