Manhaja shida ko guda ɗaya? Abin da na zaɓa wa shagona

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina sayar da atamfa da shadda da huluna a Kumasi. Yawancin kayana daga Kantin Kwari na Kano suke fitowa, wasu kuma ta Kwatano, inda ƙanena yake zaune. Wato kuɗi iri uku ke ratsa hannuna: naira, sefa da sidi. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san daga inda nake magana, domin wanda yake saye da sayarwa a gari ɗaya da kuɗi iri ɗaya, lissafinsa daban ne da namu.

Kamar kowa, ban taɓa zama na tsara abin da zai shiga wayata ba, taruwa suka yi ɗaya bayan ɗaya. WhatsApp Business don tura hoton kaya da karɓar oda. MoMo don karɓar kuɗin masu saye. Manhajar banki ta Najeriya don biyan mutanen Kano, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har dattawan Kwari masu rantsuwar sai kuɗi a hannu suka koma karɓar taransifa. Ga Excel da 'yata ta shirya don ƙirga kayan sito, ga wata 'yar manhaja ta rubuta bashi, ga kuma tsohon littafina mai jan bango wanda har gobe ban yar ba. Wuri shida ke nan.

Babban ɗana ne ya taso da maganar a haɗe komai. Ya ce akwai tsarin da in ka shigar da ciniki sau ɗaya, kaya su ragu a sito da kansu, bashi ya hau kan sunan mai shi, rasit ya fito, riba ta nuna. Ya kira mini sunaye irin su Odoo da QuickBooks. Kuma gaskiya yaron ya gano ciwon. Ɗauki misali: Hajiya ta ɗauki turmi goma, ta biya rabi ta MoMo, ta aiko saƙon murya cewa sauran sai bayan Sallah, bayan kwana uku ta dawo da turmi biyu wai kalar ba ta yi mata ba. Ciniki ɗaya ne fa, amma sai an rubuta shi a wuri huɗu. Duk wurin da aka manta, nan rigima za ta tsiro bayan wata biyu, ita tana rantsuwa kai kana rantsuwa, alhali babu maƙaryaci a cikinku. Kuɗin da ke zubewa tsakanin manhaja da manhaja, a ganina, ya fi wanda ɓarawo ke ɗauka.

To amma masu tallar tsarin nan suna da ƙarin gishiri. Akwai abubuwan da ba sa haɗuwa, ko nawa ka biya.

Na farko hanyar biyan kuɗi. Asusun MoMo na Gana sidi yake ɗauka, na Binin sefa, kowanne da dokar babban bankin da ke kansa. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, kaso mai yawa na kuɗinmu ta hannun ɗan canji yake bi: ka ba shi sidi a nan, ɗan uwansa ya miƙa naira a Kano kafin la'asar. Amana ce ke ɗauke da wannan, babu kwamfutar da ke ganinsa sai in mutum ya zauna ya rubuta. Na san a watan Janairun 2022 an ƙaddamar da PAPSS a Akara don a riƙa biya tsakanin ƙasashen Afirka da kuɗin gida. Allah ya sa ya zo har rumfunanmu. Ni dai har yanzu ɗan canjina ya fi saurin ɗaga waya. Haka ma magana da masu saye. Matar da ta saba aiko murya da Hausa ko Zabarmanci ko Asantanci ba za ta koma cike fom ba don kawai ka sayi sabon tsari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yaren kuɗi da na awo. Bazabarme ko Bahaushen Nijar ya ce maka dala ɗari, sefa 500 yake nufi, domin dala ɗaya faran biyar ce, jaka kuma dubu. A nan Gana tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga sidi, tsohuwar 10,000 ta koma ɗaya, amma har yau tsofaffin kasuwa in sun ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi. Turminmu yadi shida ne, shi kuwa mutanen Gana rabi suke ce masa, cikakke a wurinsu yadi goma sha biyu ne. Yanzu ka sa yaro ɗan shekara sha tara a gaban na'ura, ya ji "dala ɗari" ya buga 100, ko ma ya zaɓi dalar Amurka. In manhajojinka a rarrabe suke, ɓarnar tana nan wuri ɗaya, in ka gwada da littafi za ka kama ta. A tsarin da komai ke haɗe kuwa, kafin ka farga ta shiga bashi, ta shiga riba, ta shiga rahoton wata, kuma duk lambobin sun yarda da juna. Ƙarya mai shaidu huɗu wuyar kamawa gare ta.

Ga kuma kuɗin wata. Da yawa daga manyan tsare-tsaren nan farashinsu da dalar Amurka yake tafiya. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara har ta haura 13 kafin ƙarshenta. Wanda ya ɗaure shagonsa da irin wannan biya, haya ta biyu ya ɗauka wadda ta ninka ba tare da an yi shawara da shi ba. Kuma duk muna tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Gana da Kodebuwa da Binin da wasu sassan Najeriya suka wayi gari sabis na rarrafe. Masu ajiye komai a intanet sun yi kwanaki ba su san wa ke binsu ba, wa suke bi. Akwai maƙwabcina mai sayar da takalma da wani matashi ya haɗa wa tsari mai kyau, araha kuma. Bayan shekara biyu matashin ya bar ƙasar, tsarin ya rufe, lissafin bashin mutum sama da ɗari ya tafi da shi.

Hukuncin da na yanke shi ne: kaya da ciniki da bashi, waɗannan uku su zauna wuri ɗaya. Hanyoyin karɓar kuɗi da na magana kuwa na bar su yadda suke, amma duk abin da ya shigo ta cikinsu sai ya kwana a rubuce a wurin nan ɗaya kafin a rufe shago. Kafin in yarda da tsarin da muka ɗauka, na sa ɗana ya nuna mini da idona cewa ana iya fitar da komai zuwa Excel a duk ranar da na ga dama, ba tare da neman izinin kowa ba. Na sa ya kashe data ya yi ciniki na gani. Na kuma tabbatar yana ajiye farashin canji na ranar da aka sayi kaya, domin ribar da aka lissafa da canjin yau a kan shaddar da aka saya wata huɗu baya, riba ce ta mafarki.

Wurin da ya fi wuya ba na na'ura ba ne. Tsarin yana ba ka damar hana yaron shago ganin uwar kuɗi da riba. A takarda abu ne mai kyau. Amma yaron shagona ɗan yayan matata ne, a gabana ya girma. Ranar da ya danna wani wuri na'ura ta ce masa ba shi da izini, kafin magariba maganar ta kai gida. Sai da na zaunar da shi na nuna masa cewa ɗan cikina ma ba ya iya goge ciniki in an riga an rubuta, sannan fuskarsa ta saki. Duk mai niyyar kawo irin wannan tsari, ya fara yi wa mutanen gidansa bayani kafin na'ura ta yi musu.

Dalilina mafi girma na haɗe bashi wuri ɗaya kuwa, na ga abin da ke faruwa a zangon nan idan maigida ya rasu. Waya a kulle, lambar sirri ta bi shi kabari, masu bin sa bashi suna ƙofar gida tun kafin sadakar uku, waɗanda yake bi kuwa shiru kake ji. Marayu a ƙasar da ba tasu ba, dangi suna can nesa. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani maganar rubuta bashi take yi. Shi ya sa lambar sirrin tana hannun Hajiya, kuma duk ƙarshen wata muna buga jerin bashi a takarda kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a aika Kwatano. Ko lissafin zakka da a da yake cinye mini kwana uku ina haɗa kaya da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran dawowarsa, bana tsakanin isha'i da barci muka gama shi.

Wanda yake da rumfa ɗaya, shi kaɗai yake saye shi yake sayarwa, bashinsa bai wuce mutum ashirin ba, ina ganin ya riƙe littafinsa da wayarsa, kada kowa ya ruɗe shi da kuɗin wata. Abin yana fara biyan kansa ne idan hannu ya haura biyu ko kaya suna kwana a gari fiye da ɗaya.

Ƙanena na Kwatano dai har yanzu ya ƙi taɓa tsarin, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Kullum bayan isha'i yake aiko murya, dila kaza ta shigo, jaka kaza ya biya direba, 'yata ta saurara sau biyu sannan ta shigar.