Dubai: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Mai karatu, da wuya a ce a danginku ko a unguwarku babu wanda bakinsa ke ambaton Dubai. A da 'yan kasuwa ne ke zuwa, su saro abaya da gwal da turare da wayoyi, su kwana bakwai ko goma su juyo Kantin Kwari da kayansu. Yanzu kuwa samari ne da 'yan mata ke son tafiya ci-rani, wani a sayar masa da fili, wata uwarta ta fitar da sarƙar aurenta, duk don a haɗa kuɗin biza da na jirgi. Idan kai ne mai shirin tafiyar, ko ɗanka ne, ko ƙaninka, zo in zaga da kai garin tukuna, ka ga inda mai takarda yake kwana da inda marar takarda yake kwana.

Deira, masaukin baƙo

Filin jirgin saman Dubai yana gab da Deira, tsohuwar unguwar kasuwanci, kuma a nan mafi yawan mutanenmu kan fara ajiye jaka. Ka fito daga tashar jirgin ƙasa ta Baniyas da yamma ka nufi Naif, za ka ji kamar kana Sabon Gari ranar jajiberin salla. Ga Ba'indiye na kiranka ka ga agogo, ga Bafakistane na tura amalanken kaya, ga ƙamshin turaren wuta na fitowa daga shaguna, jefi-jefi kuma ka ji an yi sallama da Hausa a bayanka. Ka ƙara gaba kaɗan ka shiga kasuwar gwal, inda sarƙoƙi ke rataye a gilashi kamar ba kuɗi aka sa aka saye su ba. A bakin mashigin ruwan da ya raba garin biyu akwai ƙananan jiragen katako da ake kira abra, dirhami ɗaya kacal za ka biya su tsallakar da kai zuwa Bur Dubai.

Wannan mashigin ruwa shi ne asalin garin. Kafin a samu man fetur a 1966, mutanen nan masunta ne da masu nutso neman lu'ulu'u da 'yan kasuwar jiragen ruwa. A 1971 Dubai ta haɗu da maƙwabtanta aka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yau a cikin kowane mutum goma da ke zaune a ƙasar, kusan tara baƙi ne. Ka riƙe wannan lissafi da kyau, domin ma'anarsa ita ce ba kai kaɗai ka zo neman aiki ba. Layin da za ka shiga akwai mutanen Indiya da Fakistan da Bangaladesh da Filifin da Masar da Kenya da Yuganda, kuma da yawansu suna da ɗan'uwa a cikin kamfanin da zai yi musu magana.

Da dare ya yi sai ka ga ɗaya fuskar Deira. A saman shagunan nan akwai ɗakuna da aka jera wa gadajen ƙarfe masu hawa biyu, mutum shida ko takwas ko fiye a ɗaki ɗaya. Gadon ake ba ka haya, wata-wata, banɗaki da kicin kuwa na kowa ne. A nan za ka tarar da wanda ya zo da bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 ko 60, yana ƙirga kwanakinsa da yatsu. Da safe ya sa riga mai kyau, ya ɗauki takardun bayanin kansa da ya buga, ya bi shaguna da otal-otal yana miƙawa. Da yamma ya dawo ya sha shayin karak da burodi ya kwanta. Ranar da bizar ta ƙare, tarar dirhami 50 za ta fara hawa kansa kowace rana. Tun da dirhami na ɗaure da dalar Amurka, dala ɗaya tana daidai da dirhami 3.67, ka lissafa da kanka abin da wata uku zai zama a naira ko a sefa.

Kada kuma wani ya ce maka ka fara aiki da bizar ziyara kafin a gyara maka takardu. Doka ta hana, kuma tun 2024 tarar da ake ɗora wa kamfanin da ya sa mutum aiki ba izini ta kama daga dirhami 100,000 zuwa miliyan ɗaya. Kamfanin kirki ba zai yi wannan kasadar saboda kai ba. Wanda zai yarda ya yi, shi ne wanda zai iya hana ka albashi ya bar ka ba inda za ka kai ƙara.

Titin Sheikh Zayed

Yanzu mu hau jirgin ƙasa daga tashar Union mu bi jan layi. Wannan jirgi ba shi da direba, an buɗe shi ranar 9 ga Satumban 2009. Yana fita daga tsohon gari sai ya hau gada ya miƙe a kan titin Sheikh Zayed, dogayen benaye na wucewa dama da hagu. Can za ka hango Burj Khalifa, mita 828, gini mafi tsawo a duniya. Wannan ce Dubai ta hotuna, wadda ake turo maka a WhatsApp. A cikin waɗannan benaye bankuna suke, da kamfanonin kwamfuta, da ofisoshin injiniyoyi da lauyoyi. Ka dubi fasinjojin da ke sauka a tashoshin nan da safe, za ka ga baƙar fata a cikinsu, har da 'yan Najeriya, rataye da katin aiki a wuya. Ba wani siddabaru suka yi ba, kusan dukkansu da digiri suka shigo.

Dalilin yana cikin doka. Ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta kasa ayyuka zuwa matakai tara. Na ɗaya manajoji ne da shugabanni, na biyu ƙwararru irin su likita da injiniya da malami da akanta, na uku masu aikin fasaha, haka ake saukowa har zuwa na tara, inda leburori da masu shara suke. Idan kamfani zai nema maka izinin aiki a matakan sama, sai ya haɗa da takardar karatunka da aka tantance. In babu ita, ko da ka fi kowa iya aikin, sunan aikin da za a rubuta a bizarka na ƙasa ne. Wannan suna kuwa shi zai riƙa binka, a banki idan za ka buɗe asusu, da wurin neman bizar wata ƙasa, da ranar da za ka nemi canjin aiki.

Sababbin bizojin da aka fito da su a watan Oktoban 2022 ma da yawansu a kan karatu suka tsaya. Akwai bizar neman aiki, wadda ke ba mutum dama ya shigo ya nema ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba, amma mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne digirin farko. Akwai koriyar biza ta shekara biyar, ita ma ga ma'aikaci sai da digiri da albashin da bai gaza dirhami 15,000 a wata ba. Bizar zinare ta shekara goma kuwa, ga ma'aikaci ƙwararre, digiri ne da albashin dirhami 30,000. Ga kuma abin da ya shafi iyali kai tsaye: kafin a yarda ka ɗauko matarka da 'ya'yanka, sai albashinka ya kai dirhami 4,000, ko 3,000 idan kamfani ya ba ka masauki. Mai gadi ko mai goge-goge da wuya ya kai wannan adadi. Shi ya sa za ka ga magidanci ya shekara biyar yana renon 'ya'yansa ta waya.

Ba zan ɓoye maka ba, digiri ba ya kai mutum kan kujera shi kaɗai. Akwai masu digiri a ɗakunan Deira da ke neman ko da aikin gadi ne. Kamfanoni kan tambayi gogewar aiki a cikin ƙasar, alhali kai jiya ka sauka. Suna son Turanci mai kyau, Larabci kuma ƙarin daraja ne. Gwamnati ma ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su riƙa ƙara yawan 'yan ƙasa a guraben ƙwararru da kashi biyu cikin ɗari duk shekara. Sai dai mai digirin da ya fara daga ƙasa yana da tsanin da zai taka idan dama ta zo. Marar takarda kuwa sau da yawa inda ya fara nan yake ƙarewa.

Sonapur, garin zinare

Idan kana son ganin inda mafi yawan marasa takarda ke ƙarewa, sai ka bar jirgin ƙasa ka hau bas zuwa gefen gari, unguwar Muhaisnah. Ma'aikata sun raɗa wa wani sashenta suna Sonapur, wato garin zinare da harshen Hindi. Gidajen kwanan leburori ne jere, kaya shanye a kowace baranda. Tun kafin gari ya waye fararen motocin kamfani ke kwashe su zuwa wuraren gini, su dawo da su bayan magariba. Akwai irin waɗannan gidaje a Al Quoz da Jebel Ali. Da bazara zafi kan wuce digiri 40 a ma'auni, ga gumin teku da ke sa riga ta jiƙe kafin ka yi taku ɗari. Saboda haka ne doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Mutanen nan halal suke nema, kuma guminsu ne ya gina benayen da ka gani. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, don wannan za a sayar da gonar gado?

Ko ayyukan da ake gani kamar ba sa buƙatar karatu, suna da tasu takardar. Mai gadi a Dubai sai ya yi horo ya samu lasisin hukumar SIRA. Direba da mai kai saƙo a babur sai sun ci jarrabawar tuƙi ta can, wadda ke cin kuɗi da lokaci. Ma'aikaciyar jinya sai an bi diddigin takardunta har makarantar da ta yi, sannan ta samu lasisin hukumar lafiya ta Dubai.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Idan kana da digiri, aikinka na farko a gida yake. Takardar da ba a tantance ba, a wurinsu tamkar babu ce. Ɗan Najeriya zai kai tasa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Daular, idan ya isa can kuma ma'aikatar harkokin wajensu ta buga nata hatimin. Wanda ya tafi bai yi wannan ba, sai ya samu aiki a hannu yana aiko da takarda gida, kwanakin biza na tafiya. Ka kuma tabbatar sunanka iri ɗaya ne a fasfo da a takardar makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan kaka da aka ƙara a ɗaya aka bari a ɗaya, ya isa ya tsayar da kai makonni.

Abu na biyu, ka nemi aikin tun kana gida. Idan an ce an ɗauke ka, a turo maka takardar tayin aiki ta ma'aikatar ƙwadago, mai lamba, ka duba ta a shafin ma'aikatar na intanet. Dokar ƙwadagon da ta fara aiki a Fabrairun 2022 ta hana kamfani karɓar kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci, ta kuma hana a riƙe masa fasfo. Saboda haka duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi ya saya maka aiki, ka san da wa kake magana. Iyaye mata, wannan ya fi shafar 'ya'yanku mata da ake yi wa alkawarin aikin shago, su isa su tarar aikatau ne a gidan da ba su san kowa ba. Masu aikin gida a ƙasar ta cibiyoyi masu lasisi ake ɗaukarsu, da kwantiragi a rubuce. Ku ga takardar da idonku kafin ku sa albarka.

Ka kuma tuna ƙofar kanta ba kullum take a buɗe ba. A 2022 Daular ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza, kuma a wannan shekarar an kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasar da suka maƙale a can. Sai a watan Yulin 2024 aka sanar da sake buɗewa, da sharuɗɗa masu tsauri. A ƙarshen shekarar ne kuma hukumomin ƙasar suka yi afuwa ta wata huɗu, daga Satumba zuwa Disamba, don waɗanda bizarsu ta mutu su gyara zama ko su fita ba tara.

Alhaji, Hajiya, idan yaro ya zo muku yana aji biyu a jami'a ya ce zai ajiye karatu ya tafi Dubai saboda abokinsa ya turo hoto a gaban mota, ku zaunar da shi ku yi lissafi tare. Kuɗin dillali da na jirgi da na gado na wata uku, ku ajiye su a gefe ɗaya, kuɗin da zai ƙarasa masa karatu a ɗaya gefen. Wanda Allah bai nufa da jami'a ba, a sa shi ya koyi sana'a har ya karɓi shaidarta, walda ce ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki ko aikin wutar lantarki, domin garin da zafinsa ya kai haka ba ya rabuwa da neman mai gyaran sanyi. Dubai ba gudu za ta yi ba, shekara biyu ko uku za ta jira shi. Allah ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, a gida ko a waje, ya kuma dawo da matafiyanmu lafiya.